Muryar Baba a Cikin 'Yar Gwanjo

Talata, bayan la'asar

An sallamo mu daga asibiti. Wai a gida za a ci gaba. Na ce wa likitar a ci gaba da me, ta dube ni ta saman tabarau, Inna ta taka mini ƙafa.

Ba zan rubuta sunan abin da ya sami Baba ba. Ta faɗa da Turanci, ta faɗa da Hausa, na ji duka biyun. Hannun dama da ƙafar dama kamar na aro. Baki ya ɗan karkace. Yana ji, yana ganewa, idonsa yana bin kowa. Maganar ce babu.

Muhammadu Lawal dillalin shanu fa. Mutumin da in ya ɗaga murya a karar Roni, mai shayin bakin titi ya san an sayar da bijimi. Yau ya buɗe baki zai ce ruwa, iska ce ta fito.

Likitar ta tare ni a bakin ƙofa ta ce ƙwayar hawan jinin nan kullum da safe, kada a tsallake. In aka bari na biyu yana iya zuwa, shi kuwa na biyun... Ba ta ƙarasa ba. Ni ma ba zan ƙarasa ba.

Laraba, da azahar

Tun hantsi yake nishi. Inna ta kawo ruwa, ya kau da kai. Ta kawo kunu, ya kau da kai. Muka juya shi, muka canza matashi, muka kakkaɓe zanin gado ko cinnaka ce. Har hawaye ya fara bin gefen fuskarsa. Sai da ladan ya kira salla ya ƙara ƙarfin nishin, sannan Inna ta gane: gadon ba ya kallon gabas. Shi ke nan abin da yake so. Mu biyu, manya da hankalinmu, mun sa dattijo kuka a kan juya gado.

To in wani abu ne ya taso masa a ƙirji fa? Kunu za mu miƙa masa?

Ni ba ya ko kallona. Wannan ba sabon abu ba ne, kar in ɗora wa ciwo. Ni ne ɗan fari. Tun da nake bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ce mini yi kaza kai tsaye ba. Sai dai ya ce wa Inna, "A gaya masa," ina zaune a gabansa. Haka Fulanin gidanmu suke, kunya ce, na sani. Da can haushi abin yake ba ni. Yanzu ko "a gaya masa" ɗin nake nema.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Baffa Daudu, wan Baba, ya zo daga ƙauye, can bayan Gwiwa. Ya zauna a bakin gado ya daɗe yana kallon ƙanensa. Sannan ya ce, "Wannan ba ciwon asibiti ba ne. Iska ce ta buge shi a kara. Akwai mai magani a wajenmu, ya tayar da waɗanda suka fi shi jin jiki."

Na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, ƙwayarsa fa?"

"Ba a haɗawa. Mutumin ya ce ta asibiti tana karya nasa. Za a ajiye ta sai an gama."

"Shi wannan da ya tayar da mutane, ya gaya maka nawa ya kwantar?"

Inna ta ce, "Kai!"

Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Zaharadeen, bakinka ya girme ka." Ya juya wajen Baba. "Lawal, za ka bi ni, ko?"

Baba ya sunkuyar da ido.

"Kun gani. Ya yarda."

Bai yarda ba! Ko ya yarda? Wallahi ban sani ba. Baba bai taɓa ɗaga ido ya yi wa Baffa musu ba tun suna bin shanu. Ko cewa ya yi ya faɗa rijiya, haka zai sunkuyar da idon nan. Inna ba ta da ta cewa a gaban wan mijinta. Ni kuwa tawa ta cewar ta yi yawa har ba mai saye.

Ba mugu ba ne Baffa. Shi ya goyi Baba a bayansa. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, mutumin da yake son ka kuma ya tabbata yana da gaskiya.

Ya ce da ya gama shuka zai zo da mota.

Asabar, da safe

Ya haɗiye ƙwayar. Hadari ya haɗo ta gabas, na kama kaina ina roƙon kada a yi ruwa. Astagfirullah.

Litinin, da hantsi, a shago

Na buɗe shago don kar in haukace a gida. Wayoyin mutane uku suna jiran gyara, ban taɓa ko ɗaya ba.

Jiya na gwada ba shi takarda da biro. Hannun hagu ya zana wani abu kamar sawun kaza, ya jefar da biron. Na gwada wayata, na buɗe hotuna ya nuna. Yatsan yana rawa, ya taɓa abu uku a lokaci guda, waƙa ta tashi. Na so ƙasa ta tsage.

Yau ina zaune idona ya faɗa kan 'yar gwanjona. Laftof ce ƙarama, fara a da, yanzu kalar kunun kanwa. Ram ɗinta, wato ƙwaƙwalwar aikinta, giga biyu kacal. Wanda ya sayar mini ya ce ba ta da amfani sai dai a danne takardu da ita, don manhajar da ta zo da ita sai ka kunna ka je ka yi alwala ka dawo ba ta gama farkawa ba. Na goge ta tas na sa mata wata manhajar, Linuks, irin mara nauyin nan. Tun daga ranar take gudu kamar an cire mata kaya. A kanta na koyi rabin abin da na sani. Ni da na bar makaranta a aji uku na sakandare, Turancina duk a dandalin masu Linuks na intanet na tsince shi, ina karanta faɗan mutanen da ban taɓa gani ba, da ƙamus a cinya.

Abin da ya sa nake son manhajar: ba a kulle take ba. Kana iya leƙa cikinta ka ga yadda aka ɗinka ta, ka farke, ka sake ɗinki daidai jikinka. Ba wanda zai ce sai ka nemi izini.

Maɓallanta na gaske ne, sai ka danna su suke amsawa. Hannu mai rawa zai iya hutawa a kansu ba abin da zai faru.

In kowane maɓalli ya nuna hoto ya faɗi kalma fa?

Na ɗauke ta zan kai caji wajen Madu, Babarbaren da ke da sola a shagon kusa da ni. Yana ganina ya ce, "Bawana, ina za ka da gawar nan? Ko jana'iza za mu yi mata?"

Na ce, "Borno zan kai muku, ku taru ku ce jirgi ne."

"Bafillace da kwamfuta! Nono za ka tatsa a jikinta?"

Sai ya ga fuskata. Ya karɓa ya jona ba tare da ya ƙara kalma ba. Da zan tafi ya ce, "Ya jikin Baba?" Na ce da sauƙi. Ya ce, "Ka bar ƙarya, ba ta yi maka kyau."

Talata, bayan magariba

Na rubuta 'yan layukan umarnin da za su sa ta yi aikin. Rabi na kwaso daga misalan da mutane suka bari a dandali kyauta, rabi na yi ta karo da bango har ya yi. Na sa ta in an kunna ba ta tambayar komai, kai tsaye take buɗe allon hotuna. Na ɗauki hoton kofin Baba na silba, da butarsa, da kwalin magani, da fuskar Inna. Na je wajen tela na samo manyan maɓallan riga na manna da gam a kan waɗanda zai riƙa dannawa. Da sabuwa ce mai tsada, hannuna ba zai iya zuba mata gam ba. Wannan kuwa ko kunu ya zube a kanta sai dai in goge.

Na shiga bayan shago na naɗi kalmomin da bakina. Ba ni ruwa. Juya ni. Ina jin ciwo. Inna. Na'am. A'a.

An yi ruwa sosai a Gwiwa, in ji masu zuwa.

Laraba, da la'asar

Ya ture ta.

Laraba, bayan magariba

Bari in rubuta, ko zuciyata ta sauka.

Na ɗora masa a cinya, na danna na kofi don ya gani. Muryata ta fito tar: "Ba ni ruwa." Ya kalli allon. Na danna na Inna. Sai ya sa hannun hagu ya tura ta da ƙarfin da ban san yana da shi ba, da ƙyar na cafe ta. Ya juya fuska bango. Har yanzu bai ci komai ba.

Dama can ya tsane ta. Akwatin zaman banza, haka yake ce wa Inna, "A gaya masa akwatin zaman banzan nan ba ya noma." To ga shi yau akwatin ne zai hana a kai ka inda za a ajiye maka magani, kai kuma girman kai! Mutum yana kwance bai iya cewa ruwa amma yana iya wulaƙanta ni. Wannan hannun da ya ƙi riƙe biro ya iya ture ni.

Allah ya yafe mini. Ba haka nake nufi ba.

Haka nake nufi.

Alhamis, da safe

Ya haɗiye, amma daga hannun Inna. Ni ya rufe baki.

Juma'a, da yamma

Ƙanwata Nafisat ta zo daga Babura, mijinta ya sako ta a mota. Bayan ta gama kukanta a ɗakin Baba ta fito ta same ni a zaure da laftof a gaba. Na gaya mata abin da ya yi. Ta danna maɓalli ɗaya, ta ji. Ta danna wani. Sai ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Yaya Zahar, muryar wa ce wannan?"

"Ta aljani ce. Ba ki san muryata ba?"

"Kai fa karatun nan naka wani lokacin rufe maka ido yake. Mutumin da bai taɓa ce maka miƙo buta ba, shi za ka sa ya roƙi ruwa da bakinka? Ya kira matarsa da muryar ɗansa na fari, a gaban mutane? Wallahi gara ƙishirwa ta kashe shi."

 

Ban yi tunani ba. Na saba da kunyar nan har na daina ganin ta, kamar bangon ɗaki.

Na ce to ta naɗa da tata. Ta ce, "Dillalin shanu da muryar mace? So kake ya tashi don ya mare mu kawai?" Muka yi dariya, irin wadda take ƙarewa da jan hanci.

Sai ta zaro wayarta. Baba bai iya rubutu a waya ba, saƙon murya yake turawa, kuma ita yake tura wa kusan kullum tun da ta yi aure. Ba ta taɓa goge ko ɗaya ba. Ta danna.

"Salamu alaikum, Nafi, kin tashi lafiya? An yi ruwa a Roni..."

Muka ji ƙarar ludayi ya faɗi a madafa. Inna ta fito da gudu ba ɗankwali, tana kallon ƙofar ɗakinsa.

Ba zan rubuta sauran ba.

Lahadi, da azahar

Tun jiya nake zaune da abin ji a kunne, ina yanka muryar ubana kamar mahauci. Akwai manhajar yanka sauti, ita ma kyauta, tana zana murya kamar duwatsun Kazaure, ka zaɓi tudun da kake so ka gutsure. 'Yar gwanjo tana nishi amma tana yi.

Ruwa na samo daga ruwan Roni. Ciwo daga labarin wata saniya mai ɗingishi. Magani ma na saniyar ne. A'a kuwa kamar ƙasa, dillali ne, sai da na zaɓi wadda ba ta da zafi sosai. Na samu salla, na samu gida, na samu nan, daga "ina nan kara". Inna "uwarku" yake ce mata. Baffa kuwa "Yaya", kuma ko a saƙo in zai faɗa sai muryar ta yi ƙasa.

Sunana babu. Ban nema ba. To, na nema.

Abin da yake akwai shi ne, "Ki tambayi wancan mutumin, shi ya san kan waya." Da kuma, "Wancan mutumin ya kai ni asibiti an auna jini." Wancan mutumin. Kamar wani baƙo da suka haɗu a tasha.

Na ce ba zan yi wa kaina maɓalli ba, me zai kira ni ya yi. Nafisat ta ce in ban sa ba, za ta koma Babura da wayarta. Na sa, a can ƙarshe, ba hoto, baƙin fili kawai.

Litinin, da safe

Ya haɗiye. Ƙafar ta kumbura kaɗan. Ko idona ne.

Talata, da hantsi

Baffa ya bugo wa Inna. Ya gama shuka. Lahadi.

Talata, bayan la'asar

Innalillahi. Sauti ya mutu.

Na jona ta da intanet a shago don in sauko da wani ɗan abu, ta ce akwai sabuntawa, na danna ba tare da na karanta ba. Ni da nake zagin masu kawo mini waya a kan danna abin da ba su karanta ba. Na kashe na kunna. Hotuna suna fitowa, kofi, buta, fuskar Inna. Murya babu. Na danna, na danna. Baki yana buɗewa, iska tana fita.

Ita ma.

Na jarraba duk abin da na sani. Madu ya leƙo ya ce in je in ari sabuwa wajen masu shagon buga takardu. Wa zai ba ni sabuwar kwamfuta in zuba mata gam in bar ta a gadon mara lafiya? Kuma wa ya ce batirinta zai kai? Tawa daga hantsi har la'asar take kaiwa, don ba abin da take ci. Unguwarmu rabon mu da wuta tun kafin a kwantar da Baba.

Na rubuta a dandali da Turancina mai ɗingishi. Na faɗi irin na'urar, na faɗi abin da ya faru. Na ce mahaifina ba ya magana, da wannan zai yi. Ban faɗi Lahadi ba. Ta ina zan fara yi wa Bature bayanin Baffa?

Laraba, da azahar

Mutum ɗaya ya amsa. Wai wannan na'urar ta tsufa, in sayi wata.

Allah ya haɗa ka da ranar da za a ce maka ubanka ya tsufa ka sayi wani.

Na rubuta masa da Hausa, na goge.

Laraba, bayan magariba

Ba kowa. Inna ta fara ninke masa kaya. Na ce me take yi, ta ce wanki ne kawai. Wanki a cikin jaka?

Alhamis, da hantsi

Wani ya amsa. Ba suna, hoton kyanwa ne a wajen fuskarsa, ban san ƙasarsu ba, ban san mace ne ko namiji ba. Bai yi mini jaje ba, bai yi surutu ba. Ya ce in rubuta wani umarni in turo masa abin da ya fito. Na tura. Ya sake ba ni wani. Na tura. Sai ya yi shiru.

Ina zaune ina kallon allo kamar mai jiran sakamakon jini.

Alhamis, da la'asar

Ya dawo! Ya ce yana da irin na'urar a cikin durowa, ya zaro ta ya gwada, ita ma ta yi shiru. Kuskure ne ya shigo da sabuntawar, ya taɓa ƙananan na'urori irin wannan kawai, kuma ba wanda ya kawo ƙara sai ni. Ya nuna mini yadda zan koma tsohon tushen manhajar, wanda yake nan a ajiye bai goge ba, da yadda zan hana ta sake sabunta kanta. Ya ce shi zai kai gyaran inda ake haɗa manhajar don kar ya sami wasu.

Na bi layi-layi. Na kashe. Na kunna. Na danna.

"Ruwa."

Madu ya faɗo shagon yana cewa, "Baba ya zo ne?" Sai ya ga laftof. Ya dafa ƙofa ya ce, "La'ilaha illallahu. Bawana, gawar ta yi magana."

Na ce, "Ka gaishe ta, ta girme ka a hankali."

Na rubuta wa mai kyanwa godiya, na rasa Turancin. Na ce Allah ya saka. Ya turo da hoton babban yatsa a ɗage. Wani mutum a wani gari ya ajiye aikinsa ya buɗe durowa saboda na'urar da ko ɓarawo ba zai ɗauka ba. Ban gane duniya ba.

Juma'a, bayan la'asar

Nafisat ce ta ɗora masa. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ta danna na kofi.

Jikinsa duka ya motsa. Ya kalli allon, ya kalli Nafisat. Bai ture ba. Amma bai taɓa ba. Muka jira, muka jira. Hannun yana kan zani kamar an ɗaure.

Na ce a raina shi ke nan, na fita tsakar gida zan yi alwala. Na zuba ruwa a hannu ke nan na ji daga ɗaki:

"Ruwa."

Sai salatin Inna.

"Uwarku. Ruwa."

Butar ta kife a ƙafata. Na taso zan shiga, Nafisat ta leƙo ta taga ta yi mini alama da hannu in tsaya inda nake.

To. In ina ciki ba zai yi ba. Na ji. Na yarda. Ni da bango mun saba.

Asabar, da azahar

Yau ya ce ciwo, Inna ta bi jikinsa da hannu har ya danna na'am a kan ƙugu. Ashe wajen ya fara ja saboda kwanciya. Da ba mu sani ba sai ya zama gyambo. Ya ce salla. Ya ce a'a ga kunun Nafisat har sau biyu, ta ce ai dama an san za a rina, da a'a ya fara warkewa.

Na ce ta tambaye shi maganar gobe. Ta tambaya. Bai danna komai ba.

In ya zaɓi ya bi Baffa fa? Na ba shi baki, ban ba shi abin da zai ce ba. Sai yau wannan ya faɗo mini.

Jakar tana nan bayan ƙofa.

Lahadi, da safe

Na ba Inna ƙwayar ta ba shi. Na kalli kwalin na daɗe.

Lahadi, bayan la'asar

Sun zo da hantsi, Baffa da direba, an shimfiɗa katifa a bayan mota. Baffa ya shiga ya ga laftof a cinyar Baba ya ce mene ne wannan. Nafisat ta durƙusa ta yi masa bayani. Ya dube ni.

"Wato ka naɗi muryarsa, ka sa akwati ya faɗi abin da kake so."

Maganganu goma suka zo mini baki, kowace ta fi 'yar'uwarta kaifi. Na haɗiye su kamar ƙwaya. Na zaro wayata na ajiye a gabansa, na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, ga wayata, kar a ce da ita nake juya akwatin. Zan fita. Ba ya yi ma in ina nan."

Na fita na tsaya jikin bango ƙarƙashin taga. 

Na ji Baffa ya gyara murya. "Lawal, mota tana waje. Za ka bi ni, ko?"

 Kaza tana tono a gindin rariya. Direba ya kunna rediyo a waje. Na san idon nan yana ƙasa. Na ce shi ke nan, an gama.

"Yaya."

A hankali, yadda yake faɗa. Na ji gadon ya yi ƙara, kamar Baffa ya zauna ba shiri.

"Na'am," in ji Baffa. Muryarsa ba irin ta ɗazu ba. "Na'am, Lawal. Ina jin ka."

"Magani."

"Eh. Shi za mu je nema."

 Maɓallin a'a yana nan, na biyu daga hagu, ni na manna shi da hannuna, ja ne don ya fi fitowa. Na rufe ido ina cewa danna, Baba, don Allah danna.

Bai danna ba. Ba zai taɓa ce wa wansa a'a ba, ko da bakin akwati.

"Nan."

"Me?"

"Magani. Nan. Gida."

"Lawal, wa zai kula da kai a nan? Yaran nan?"

Aka daɗe. Na san me ya sa, maɓallin yana can ƙarshe, sai hannu ya yi tafiya.

"Wancan mutumin."

Sai kuma, "Wancan mutumin."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Na jiyo jan hancin Inna daga ɗakin. Can Baffa ya ce, "Na ji. Na ji, ƙanena." Ya fito idonsa ja, ya miƙo mini wayata bai kalle ni ba. Ya ce, "Akwai na shafawa a wajen mai maganin. Wannan ai ba ya karya naku?"

Na ce, "Zan tambayi likita, Baffa. In ta ce ba komai, ni zan riƙa shafa masa."

Ya gyaɗa kai. Ya kai zaure ya tsaya. "Tun yana yaro bai taɓa ce mini ga abin da yake so ba." Ya fita. Na ji an ninke katifa, motar ta tashi.

Inna ta zazzage jakar a kan tabarma.

Litinin, da safe

Ƙafar har yanzu a kumbure. Gobe zan kai shi a duba. Abin da likita ba ta ƙarasa faɗa ba yana nan inda yake, ban manta ba.

Ina wanke fuska a bakin rariya na ji daga ɗaki:

"Wancan mutumin. Magani."

Na ce "Na'am!" kafin in san na faɗa.

Na shiga da kofi da ƙwaya. Ya juya fuska bango, ya buɗe baki.